Ni na sa hannu a takardar Auta

Ni tela ne a Tudun Wadan Zariya. Hannuna ya fi sanin alli da almakashi a kan biro, amma akwai maganar da ta daɗe tana cin raina, na ga gara in faɗe ta tun ina da sauran numfashi. Maganar ƙanina ce, autan ɗakinmu, wanda ya shiga soja yana da shekara 21, ya rasu a arewacin Borno yana da 24. Ba zan kama sunansa ba, domin Innarmu tana raye kuma ba ta son a riƙa yawo da shi a wayoyin mutane. Dama can a gida ba mai kiransa da sunan yanka. Auta muke ce masa, Auta kuma zan ce masa a nan.

An haife shi a 1995, na ba shi shekara 14. Tsakanina da shi mata ne huɗu. Ni ne ɗan fari, don haka Inna ba ta taɓa faɗin sunana ba, ko kallon ido cikin ido ba ta cika yi mini ba, sai dai ta ce "ku kira mini wancan". Amma Auta, wannan kam ba kunya tsakaninsu. A cinyarta yake karyawa har ya shiga sakandare, ƙanzon tuwo nasa ne, kan kaza nasa ne, idan ya yi ɓarna aka ɗauko bulala bayanta yake ɓuya. Da Baba ya rasu a 2011 sai riƙonsa ya dawo hannuna, kuɗin makaranta da na jarrabawa duk daga kan keken nan suka fita.

Son kaki kuwa ba daga sama ya faɗo masa ba. Kakanmu na wajen uba yana cikin waɗanda Turawa suka kwasa zuwa ƙasar Bama, wato Burma, a yaƙin duniya na biyu. Ya rayu har 2003, kuma a shekarunsa na ƙarshe ba mai zaman sauraronsa kamar Auta. Tsohon zai zauna a zaure ya yi ta ba shi labarin jirgin ruwa, da ruwan saman da ba ya ɗaukewa, da matsattsaku masu shan jini a ƙafa, yaron ya buɗe baki yana ji. Ga kuma bariki a ƙofarmu. Duk wanda ya tashi a Zariya ya san daffon da ake horar da kurata tun 1924, a barikin Chindit. Kaka ne ya fara gaya mana cewa Chindit sunan wata runduna ce da ta yi yaƙi a dajin Bama a 1944, kuma akwai bataliyoyin 'yan Najeriya a cikinta. Idan kurata suka fito gudun asuba, kawuna a aske ƙwal, suna waƙa suna buga ƙafa, Auta na cikin yaran da ke bin su a baya har sai an koro su.

Ya gama sakandare a 2013, sakamakonsa bai yi muni ba, amma kuɗin ci gaba babu. Na zaunar da shi a shago ya koyi ɗinki. Ya iya kalmasa, ya iya sa maɓalli, sai dai zaman ne ba ya iyawa, ƙafarsa na kan keke idonsa na kan titi. Ya yi acaɓa da babur ɗin haya na kusan shekara, ya yi cajin waya a bakin kasuwa. Kullum abin da ya samu ba ya wuce na abinci. Abokansa wasu sun tafi Legas, wasu sun fara shaye-shaye, ni kuma wannan na biyun nake tsoro fiye da komai.

A 2016 ya zo mini da maganar fom. Lokacin ba wanda bai san inda ake kai sababbin sojoji ba. Yaƙin da ya fara a Maiduguri a Yulin 2009 ya riga ya ci shekara 7, an sace 'yan matan Chibok a 2014, an ƙona Baga a farkon 2015. A Zariya ma kaki ba ya da farin jini a lokacin, domin ba a fi 'yan watanni ba da rikicin sojoji da mabiya Shi'a na Disambar 2015, wanda ɗaruruwan mutane suka mutu a cikinsa, kuma kusan kowace unguwa akwai gidan da abin ya taɓa. Na gaya masa duk wannan. Ya ce, "Yaya, na sani. Amma shekarata 21, iyakar da suke ɗauka 22. In na bari ta wuce ni, shi ke nan, acaɓa zan yi har in tsufa."

Ya ce ana son tsawon namiji ya kai mita 1.68. Na tsayar da shi a jikin ƙofar shago, na sa alli a saman kansa, na auna da tef ɗina. Inci 67, ya haura da kamar inci ɗaya. Ya yi tsalle kamar wanda aka yi wa bushara da kujerar Makka. Alamar allin nan na sa ƙusa na kankare ta daga baya, tana nan har yau a jikin katakon.

A cikin takardun akwai ta amincewar iyaye ko mariƙi. Ya kai wa Inna, ta ce ko da wasa kada ya sake kawo mata ita. Kwana uku ba ta ci abincin kirki ba. Daren na huɗu ya same ni a shago ina gugar kayan wani ango, ya ajiye takardar a kan teburin yanka, bai ce komai ba, ya tsuguna a gefe. Na daɗe ina kallonta. Na tuna yaron maƙwabcinmu da aka ɗauko daga bayan tasha baki na dalala saboda ƙwaya. Na tuna albashi, ko ba yawa, duk wata yana zuwa. Na ce a raina ai ba duk wanda ya je ne ba ya dawowa ba, ga Kaka ya je har Bama ya dawo ya haifi ubanmu. Na ɗauki biro na sa hannu. A gurbin magaji ma sunana ya rubuta. Muka bar Inna a kan cewa wai an daina neman takardar.

Wata 6 ya yi a daffo. Tsakanin gidanmu da inda yake ko kuɗin mota ba sai an kashe ba, amma sai ka ce yana wata ƙasa. Ranar faretin yaye su muka tafi gaba ɗaya, har Inna, da kulolin shinkafa da zoɓo. Da ƙyar muka gane shi. Ya yi baƙi, ya rame, wuyansa ya yi tsawo, amma ya miƙe sambal kamar sanda. Ya zo gaban Inna ya ƙame ya sara mata, ita kuma ta kama kunnensa ta ja, tana dariya hawaye na zuba. Wandon kakin da aka ba shi ya yi masa yawa, ƙugunsa ya koma inci 28. A daren na rage masa shi, na ninka ɗinkin sau biyu don kada ya ɓalle a daji.

A 2017 aka tura su Borno, ƙarƙashin rundunar da a lokacin ake kira Lafiya Dole. Sunan yana ba Inna haushi, takan ce lafiya ai roƙonta ake yi wurin Allah, ba dole ake yi mata ba. Yawancin zamansa a yankin Monguno ya yi shi, hanyar da ta tashi daga Maiduguri ta bi ta Gajiganna da Gajiram, ta miƙe har Kukawa da Baga a bakin tafkin Chadi. Inda suke sabis ba ya samuwa sai an shigo gari, saboda haka kiransa ba ya da rana. Sai a yi mako biyu shiru, sai kawai waya ta yi ƙara da tsakar rana, ni kuma in bar ɗinki in ruga gida da ita a hannu. Abin da yake gaya wa Inna kullum ɗaya ne: lafiya lau, abinci isasshe, ba abin da ke faruwa a wajensu. Idan ta miƙo mini wayar sai murya ta sauya. A nan nake jin labarin rairayin da ke shiga har cikin shinkafa, da zafin da ke sa ƙarfen bindiga ya ƙi taɓuwa, da sanyin hunturu a cikin rami, da dubban 'yan gudun hijira da suka cika Monguno, mata da yara suna layin ruwa tun kafin asuba. Albashinsa wajen naira dubu 50 ne. Duk wata sai ya turo wa Inna dubu 15, ya ce a saya mata goro da maganin ƙafa.

Sau biyu ya samu fas ya zo gida. Na biyun shi ne na babbar sallar 2018, kuma a zuwan nan na gane yaron da na sa wa hannu ba shi ne ya dawo ba. Ba ya zama sai bayansa na jikin bango, fuskarsa na kallon ƙofa. Abinci kafin ka kai loma uku ya gama. Da yara suka fasa abin wasan wuta a lungu, sai ganinsa muka yi kwance a ƙasa, ya tashi yana kakkaɓe riga yana murmushin kunya. Da dare ba ya barci, sai ya taho shago ya zauna ina aikin sallah yana taya ni sa maɓalli.

A irin wannan daren ne ya ba ni labarin da bai ba kowa ba. Bayan wani artabu sun kama wani yaro cikin maharan, an harbe shi a ciki. Ya ce, "Yaya, wallahi bai wuce shekara 14 ba, silifas ne a ƙafarsa, ɗaya ma ya tsinke an ɗaure da leda." Yaron yana ta kiran ruwa, da Barbarci da Hausa. Auta ya buɗe gorarsa ya ɗiga masa a baki, yaron ya kama hannunsa bai saki ba har rai ya yi halinsa. Ya ce mintoci kaɗan kafin nan yaron nan harbinsu yake yi, kuma da ya same shi da ya kashe shi, wannan ba ya shakka. Amma fuskar ta ƙi barinsa. Ya tambaye ni, "Ranar lahira me za a ce da ni, me za a ce da shi?" Ban da amsa. Na ce masa Allah ya san zuciyar kowa, muka ci gaba da sa maɓalli.

A zuwan nan kuma aka kai kuɗin gaisuwarsa gidan wata yarinya a unguwarmu, wadda yake so tun tana kai ɗinkin islamiyya shagona. Aka tsayar da magana sai bayan ƙaramar sallah mai zuwa. Ya je kasuwar Sabon Gari ya sayo farar shadda yadi 5, ya ce ni zan ɗinka masa kaftanin ɗaurin aure, kuma aikin wuya na hannu yake so, ba na inji ba. Na auna shi, na yanka, na harhaɗa, na rataye, na ce aikin wuya sai an sa rana.

Ranar Lahadi 18 ga Nuwamban 2018 aka kai hari sansanin sojoji na Metele da ke arewacin Borno. Hukuma ta ce sojoji 23 suka mutu, har da kwamandan bataliyar, jaridu kuwa suna kawo adadin da ya ninka haka sau da yawa. Mu dai ba lissafi ne ya dame mu ba, mutum ɗaya muke nema. Kwana 9 wayarsa ba ta shiga. Inna ta rungume rediyo, daga BBC ta koma Muryar Amurka ta koma Jamus, ko za a faɗi wani abu. A rana ta 10 ya kira, ya ce ba wajensu ba ne. Inna ta yi azumi uku na godiya. Ƙarshen Disamba Baga ta sake faɗawa hannun mayaƙan, mutane suka yi ta kwararowa Monguno da Maiduguri a ƙafa, muka sake shiga wani zaman zullumin, ya sake kira. Sai zuciyata ta fara saba wa tsira. Na fara ganin kamar shi ba ya cikin waɗanda abin ke samu.

A watan Afrilun 2019, saura 'yan makonni a kama azumi, wata baƙuwar lamba ta kira ni ina tsakiyar yanka. Murya ce ta saurayi, Hausarsa irin ta bariki. Ya ce, "Kai ne Yaya?" Na ce ni ne. Ya yi shiru, ina jin numfashinsa. Kafin ya ƙara kalma ɗaya almakashin ya faɗi daga hannuna.

Abokinsa ne, ɗan Langtang ta jihar Filato, Kirista, tare suka fito daffo, rami ɗaya suke kwana. Daga baya ya zauna ya ba ni labarin dalla-dalla. Rakiyar motocin abinci suka fita. Motar gaba ta taka bam da aka binne a hanya, sai harbi ya tashi daga cikin ƙayoyi ta gefe biyu. Auta ya diro ya kwanta yana mayar da wuta, harsashi ya same shi a cinya, can sama inda babbar jijiya take. Abokin ya ja shi bayan taya, ya cire bel ɗinsa ya ɗaure wurin, amma jinin ya ƙi tsayawa. Ya ce da ya ga idonsa ya fara juyewa, sai ya tuna abin da yake ji Musulmi suna yi wa juna. Ya ɗago kansa ya ce, "Faɗi abin nan naku, faɗi mana!" Ya fara masa da bakinsa, La'ilaha illallah, yadda ya iya. Auta ya karɓa ya ƙarasa, sau biyu. Ya ce bayan nan bai ƙara magana ba.

Su huɗu suka rasu a ranar. Na bi duk tashoshin da Inna ke saurare, ban ji an ambata ba. Harin ba shi da suna kamar Metele, gefen hanya ne kawai tsakanin wani ƙauye da wani, ƙauyukan ma ba kowa a cikinsu.

Kawunmu ne ya shiga ya gaya wa Inna, ni na kasa. Washegari na kama hanya, Kano, Potiskum, Damaturu, direba yana ta gudu don mu riski ƙofar Maiduguri kafin a rufe ta da yamma. A maƙabartar sojoji ta barikin Maimalari aka binne su. Liman a gefe, fasto a gefe, tuta kore da fari a kan kowanne. Na roƙa aka buɗe mini fuskarsa. Akwai rairayi a girarsa, na sa babban yatsa na share. Aka yi sallah, aka busa begila, aka harba bindiga sama. Da na ɗaga kai na dubi filin nan, na ga layukan kaburbura sun miƙe, da yawansu ƙasar ba ta gama kwanciya ba, na karanta allunan da ke kusa da ni, shekarun haihuwar duk na sa'o'in Auta ne. Ban sani ba ko akwai ɗan mai hali a cikinsu. Waɗanda na gani sun zo binne nasu dai irina ne, masu silifas da jakar leda, wani daga Binuwai, wata tsohuwa daga Ogun ko Hausa ba ta ji, muka riƙa gyaɗa wa juna kai.

Abokin ne ya miƙo mini jakarsa. Waya mai fasasshen gilashi, ƙaramin Alƙur'ani izu 5 da gefensa ya yi baƙi saboda hannu, robar yajin Inna saura kaɗan a gindi, da wata takarda da ya jera kayan lefe, ya sa alama a gaban waɗanda ya riga ya tara kuɗinsu. Atamfa 4 da akwati ɗaya ya samu ya yi wa alama. Wandon da na rage masa yana ciki, gwiwa ta ƙoƙe, amma ɗinkin ƙugun bai motsa ba.

Har aka yi sadakar arba'in ban iya haɗa ido da Inna ba. Mutane suna ta cewa ya yi shahada, a yi haƙuri, ni kuwa ba abin da nake gani sai biron nan a hannuna. Dare ɗaya cikin azumi, bayan an sha ruwa kowa ya tafi asham, na shiga ɗakinta na durƙusa a bakin gado. Na ce, "Inna, akwai abin da na ɓoye miki. Takardar nan da kika ƙi, ni na sa masa hannu."

Ta daɗe tana jan carbi. Sai ta kira sunana. Sunana na yanka, wanda tun da ta haife ni ban taɓa ji a bakinta ba. Ta ce, "Ka ɗauka ban sani ba? Tun a daren na sani, ya fito daga wurinka yana waƙa. Kai ka sa hannu, ni kuma da zai tafi na daka masa yaji, na yi masa dambun nama, na sa masa albarka. In laifi ne, mu biyu muka yi. Kwanansa ne ya ƙare. Tashi ka je ka yi sallah." Na kifa kaina a kan ƙafarta na yi kukan da ban yi a Maiduguri ba.

Ba zan ce maganarta ta cire mini abin gaba ɗaya ba. Na yarda da ƙaddara, na san ajali ko a kan babur ɗin acaɓa zai iya samunsa. Amma har gobe idan yaro ya zo ya ce in duba masa fom, sai in ce ya je wurin wani.

Haƙƙinsa ya fito bayan kusan shekara biyu ina zirga-zirga da fayil a wani ofishi da ba sai na faɗi sunansa ba. Inna ta ce ba za ta iya cin kuɗin ba, aka haƙa rijiya da su a ƙofar masallacin unguwa. Yarinyar ta yi aure a 2021, mu muka ƙarfafa mata gwiwa, ƙannena mata har rakiyar amarya suka yi. A shekarar ce kuma aka sauya wa rundunar suna zuwa Haɗin Kai, yaƙin dai bai ƙare ba.

Shaddar nan ta shekara 3 a rataye a bayan ƙofar shago, cikin leda, wuya ba aiki. Masu kawo ɗinki sun sha tayawa ina cewa ta mai ita ce. Abokinsa ɗan Langtang bai yanke zumunci ba, duk sallah sai ya kira ya gaida "Mama". A 2022 ya kira ya ce an mayar da shi Jos, kuma zai yi aure a cocinsu. Da na gaya wa Inna sai ta ce, "Sauko da rigar nan ka ƙarasa ta. Wanda ya tuna wa ɗana kalmar shahada shi zai sa ta."

Na kira shi na ce ya sami tela a kusa ya auna shi ya turo mini. Kafaɗarsu ɗaya, hannu ne kawai Auta ya fi shi da inci ɗaya da rabi, sai na rage. Aikin wuyan na yi shi da hannu kamar yadda mai ita ya ce, da farin zare, dare 11 ina yi bayan na rufe shago. Ranar da na gama na goge ta, na ninke, na kai wa Inna ta ɗora hannu a kai ta yi addu'a. Da safe na kai tasha na ba direban Jos.